Shayin da Na Sha a Gaban Surukina

A wurinmu da zafi ake shan shayi. Mai shayin bakin tashar Tambuwal, inda na yi shekaru ina karyawa kafin in wuce makarantar da nake koyarwa, idan ya miƙo maka kofi sai ka tare shi da bakin riga. Wanda ya huce kuwa ya tashi daga shayi, ya zama ruwan ɗauraye kofi. Da wannan ilimin na sauka Malesiya neman digiri na biyu, na bar mata da 'ya'ya a gida, ina ganin babu wanda zai koya mini wani abu a kan shayi.

A ƙarƙashin tashar jirgin ƙasan da nake hawa zuwa jami'a akwai wani ɗan shago da ba ya rabuwa da layi. Na yi watanni ina wuce shi. Abin da suke sayarwa ruwa ne mai launin ƙasa a kofin roba, an liƙe bakin kofin da leda, ga ƙanƙara a sama, ga wasu baƙaƙen ƙwallaye kwance a gindi. Ni da na tashi a gidan da ake kiwon awaki na san abin da ƙwallayen nan suka yi mini kama da shi, ban kuma ga dalilin da zai sa mai hankali ya bi layi a kansa ba.

Wani abokin karatuna ɗan ƙasar, mutum mai yawan dariya babu dalili, shi ya saya mini ba tare da ya tambaye ni ba. Na ce masa tukuna, da me aka yi baƙin abin nan? Ya nuna mini 'yan matan da ke haɗawa, dukkansu sanye da hijabi, ya ce in kwantar da hankalina, garin rogo ne aka mulmula aka dafa da baƙin sukari. Rogo dai, wanda muke ci da ƙuli a hanyar gona. Ya ba ni wani bututun roba mai kauri, ya nuna mini yadda ake huda ledar da shi.

Na zuƙa da ƙarfi irin na mai shan kunu, sai ƙwallo ɗaya ta harbo kai tsaye cikin maƙogwarona. Na yi tari har da hawaye. Wata tsohuwa da ban sani ba ta shiga bubbuga mini baya, abokina kuwa ya riƙe ciki. Na rantse ba zan ƙara ba. Washegari ina cikin layi.

Abin da ya kama ni shi ne sha da tauna a tare, kamar furar da aka dama aka bar mata gaya. Su boba suke ce masa, ni kuma na raɗa masa shayi mai gaya. Zaƙinsa na mazarƙwaila ne, sanyinsa kuma yana sauka daidai inda zafin ƙasar nan mai ɗanko yake taruwa. A hankali na zama gwani. Na koyi cewa a rage mini sukari, a rage ƙanƙara don kada a cika mini kofi da ruwa. Na koyi daidaita zuƙa yadda shayin da gayan za su ƙare tare, domin wanda ya yi gaggawa shayin ke ƙare masa ya bar shi yana farautar ƙwallaye tsakanin ƙanƙara. Har a tafe nake sha, a tsakiyar titi, abin da da zan ga ɗalibina yana yi a Tambuwal sai ya gane kurensa. To, a can wa ya san ni? Ina jin daɗin abina ni kaɗai, ban kuma taɓa faɗa wa kowa a gida ba.

Ana haka surukina ya zo.

Babur ne ya zubar da shi a hanyar Kebbe da damina, ƙugunsa ya karye. An kai shi wurin mai ɗori, ɗorin bai kama daidai ba, ya daɗe a kwance. A Sakkwato likitoci suka ce sai an sauya masa mahaɗar ƙashin gaba ɗaya. 'Ya'yansa suka sayar da shanu. Mutane Indiya suke zuwa ko Misira, amma dangi suka zauna suka ce ai muna da mutum a Malesiya. Mutumin ni ne. Ƙanensa da zai rako shi bai samu biza ba, sai aka haɗa shi da wani ɗalibi mai dawowa hutu, aka miƙa mini shi a filin jirgi a kan keken marasa lafiya, da jakarsa da butarsa.

Sai an san yadda muke da shi kafin a gane abin da aka yi mana. Matata ce 'yarsa ta fari, ko sunanta ba ya kamawa. Gidansu gidan noma da kiwo ne tun kakanni, kunyarsu kuma mai kauri ce. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa hawa tabarmar da yake kai ba. Daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa, in gaishe shi ina kallon ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon wani wuri. Ban taɓa ganin ya kai wani abu bakinsa ba, shi ma bai taɓa ganin na kai ba. Ina ce masa Baba, yana ce mini Malam. Mu biyun nan aka tura ɗaki ɗaya, can sama a wani dogon bene, da gado ɗaya da taga ɗaya.

Banɗakin yana da ƙofa mai ƙunci da ɗan dakali, keken ba ya shiga. A ranar farko sai da na ɗauke shi cak na shigar da shi, na tallafe shi, na fito na jira, na koma na ɗauko shi. Bai fi nauyin buhun ƙaiƙayi ba. Idonsa a rufe yake tun daga ɗauka har saukewa, ni kuma ina kallon bango.

Likitar da ta duba shi mace ce mai gajeren gashi da gajeren zance. Ta ce jininsa ya yi ƙasa, jikinsa ya rame, ba za ta sa masa wuƙa a haka ba. Ta rubuta magani, ta ce ya ci hanta da ƙwai da nama da duk abin da ransa yake so, mu dawo a sake gwadawa. Idan jinin ya hau, a yi aiki. Idan bai hau ba kafin bizarsa ta ƙare, sai dai ya koma yadda ya zo. Na fassara masa. Ya ce, "Allah shi kyauta."

Na shiga girki. Na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miyar kuka da wadda matata ta ƙullo a jakarsa, na soya hanta. Idan na ajiye masa sai in ɗauki nawa kwanon in fita, in zauna a kan matakalar bene in ci, maƙwabta suna wucewa suna kallona. In ba shi lokaci mai tsawo, in yi sallama in shigo. Sai in tarar ya gutsuri gefen tuwon kamar ɓera ya taɓa, ya mayar da murfi.

"Baba, ba ka ci ba."

"Na ƙoshi, Malam. Allah shi yi albarka."

Na ce ko hannuna ne bai iya ba. Na sayo dafaffe a waje, bai ci ba. Na nemo gero a shagon Indiyawa, na yi abin da na kira fura, na dama da madarar kanti mai tsami. Ya kurɓa sau ɗaya don kada in ji kunya, ya rufe. Ko ruwa da dabara yake sha. Kullum yana zaune a bakin taga da carbi, yana kallon jiragen ƙasa suna wucewa, wuyansa yana ƙara tsawo.

Na kira matata, na ce ta yi masa magana. Ta ce, "Ni? Yaushe na taɓa ce masa ci ko kada ka ci? Kuma in ka matsa masa, cewa zai yi a mai da shi gida. Ka san halinsa." Na san halinsa. Abin da ban gane da wuri ba shi ne ba abincin yake gudu ba. Sai da na lura kiran da yake yi mini in ɗauke shi yana ta raguwa, har ya zama sai a wuni a kwana bai nema ba. Wanda bai ci ba, ba ya bukatar a ɗauke shi. Tsohon nan ya zaɓi yunwa a kan mijin 'yarsa ya riƙa kai shi banɗaki. Na gane, amma ganewar ba ta amfane ni ba, domin furta maganar a gabansa ya fi ɗaukar tasa muni.

Muka koma asibiti. Jinin bai motsa ba, nauyinsa ma ya ragu. Likitar ta cire tabarau ta dube ni, ta ce, "Kana ba mahaifinka abinci kuwa?" Ban gyara mata ba. Ban kuma fassara masa wannan ba. Ta ce saura dama ɗaya.

Na turo kekensa muka fito, rana tana dukanmu. Raina a ɓace yake, ba kaɗan ba. Ina jin haushin likitar, ina jin haushin dangin da suka zauna a inuwa suka yanke wannan shawara, ina jin haushin tsohon da aka sayar da shanu dominsa yana neman ya kashe kansa da kawaici. Ina kuma jin yunwa, domin ni ma tun safe ban sa komai a bakina ba saboda muna tare. Da muka sauka daga jirgi muka zo daidai shagon, ƙafata ta tsaya da kanta. Tun zuwansa a ɓoye nake sha, in goge baki kafin in hau sama. Ranar nan na kafa kekensa a inuwa, na shiga layi, na sayo babban kofi. Na dawo na tsaya a gabansa, ba a gefe ba, na huda ledar, na zuƙa. Na tauna gayan da baki yana motsi, ina kallonsa.

Ya kau da kai. Na ƙara zuƙa, bututun ya yi ƙara. Sai ya waiwayo, ya dubi kofin, ya dube ni, karo na farko da muka haɗa ido tun da na san shi.

"Malam, mi kaka sha haka? Kashin awaki?"

"Rogo ne, Baba."

"Rogo." Ya jinjina kai. "Ashe ba ka da kunya."

"Ta ƙare, Baba. Yau ta ƙare."

Na durƙusa a gefen keken, mutane suna ratsa mu ta ko'ina. Na ce, "Baba, duk ƙasar nan babu wanda ya san ni surukinka ne. Likita ɗanka take ce mini. Maƙwabta ma haka. Ɗa kuwa ba a jin nauyinsa a kan komai." Ban ambaci banɗaki ba, amma ya san da shi nake.

Ya daɗe yana jan carbi. Jirgi ya zo ya wuce a samanmu. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Iyakacin ƙasar ga. In munka koma gida, kowa shi koma mazauninai."

"Na yarda, Baba."

"To, sawo min in ji abin da ya raba ka da mutunci."

Na sayo masa. Na gargaɗe shi a kan zuƙa da ƙarfi, bai saurara ba, ƙwallo ta harbe shi yadda ta harbe ni. Ya yi tari, ya share ido da bakin rawani, ya ce, "Abin ga na da faɗa." Sai ya sake kai bututun baki a hankali. Ya tauna. Ya ce nonon da ke ciki bai taɓa ganin saniya ba. Ya shanye tas, har yana karkata kofin yana bin sauran gayan ɗaya bayan ɗaya.

Ba zan ce shayin magani ba ne. Da likitar ta ji labarinsa faɗa ta yi mini a kan sukari. Amma daga ranar bakinsa ya buɗe. Da daddare ya ci tuwo, ni ma na ci nawa a ɗakin, kowa da kwanonsa. Da safe ya ce, "Malam, zo ka kama ni," da murya irin ta wanda yake aiken ɗansa. Na gane goyo ya fi mana sauƙi, sai in juya masa baya ya rungumo wuyana. Ya daina rufe ido. Wata rana ma yana bayana ya ce in rage tafiyar agwagwa.

Shayin ya zama na la'asar. In na dawo daga jami'a sai in turo shi mu sauka, mu zauna a kan wani benci kusa da shagon. 'Yan matan suka san shi, suna ganinsa sai su ƙara masa ludayin gaya. Shi mai son zaƙi ne, ni nake satar ce musu su rage, shi kuma ya ɗanɗana ya ce yau an yi mana ha'inci. Ya gwada na mangwaro ya ce wasan yara ne. Ya gwada wani kore ya ce ciyawa ce, a kai wa maraƙi. Ya tsaya a kan na farko.

A kan bencin nan na san mutumin da na yi shekaru ina durƙusa wa. Ashe mai surutu ne. Ya ba ni labarin wata saniyarsa da ba ta yarda kowa ya tatse ta sai an yi mata magana, da shekarar da ruwa ya cinye masa gero a fadama ya koma sayar da gishiri a kasuwar Dogon Daji, da yadda ya yi rigima da mahaifinsa a kan sa 'ya'ya mata a makaranta. Ya tambaye ni abin da nake karantawa, na yi masa bayani, ya ce bai ga abin da zai hana a karanta wannan a Sakkwato ba. Ni ma na faɗa masa abubuwan da ban faɗa wa mahaifina ba kafin ya rasu. Wata la'asar yana ba ni labarin yadda matata tana ƙarama ta bi awaki har ta ɓata, sai sunanta ya fito daga bakinsa. Ya ji abin da ya faɗa, ya tsaya, sannan ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da tauna gayansa.

Jinin ya hau. Aka yi aiki. Ya sha wuya kwanakin farko, ya zagi masu koya masa tafiya da Hausar da na ƙi fassarawa. Daga ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu ya koma sanda. Ran da ya fara shiga banɗaki da kansa na ji ya daɗe a ciki, na ce ko lafiya, ya ce in bar shi ya more. Kafin bizarsa ta ƙare aka sallame shi. Karatuna bai ƙare ba, sai na haɗa shi da wasu 'yan Sakkwato masu komawa. A hanyar filin jirgi muka sha na ƙarshe a cikin mota. Ban ji daɗin komawa ɗakin ni kaɗai ba. Na ci gaba da zuwa shagon, 'yan matan suna tambayata ina Baba.

Sai bayan watanni na gama na dawo gida. Na kwana biyu a Tambuwal, sannan na hau babur zuwa Kebbe in gaishe shi. A jakata akwai ƙullin busassun ƙwallayen rogo da ganyen shayi da bututu masu kauri, na sayo musamman. Duk tsawon hanya, babur yana jijjiga ni, ina shirya yadda zan dafa masa da madarar shanunsa, in ji ko wannan karon zai ce ta ga saniya.

Na same shi a zaure, a kan buzu, sandarsa a jingine, da wasu dattawa biyu. Ban san lokacin da na tuɓe takalmi tun daga waje ba. Na durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau, Malam. An dawo lafiya? Ya karatu?"

Yana kallon wani wuri a bango. Ni ma na sami kaina ina kallon ƙasa. Na tambayi jiki, ya ce da sauƙi, an gode Allah. Ya gaya wa dattawan cewa Malam ya yi ɗawainiya, Allah shi saka mai. Suka ce amin. Suka ɗan taɓa hira, suka tashi, aka bar mu mu biyu. Na jira ya ce wani abu, ko tsokana ɗaya. Ya tambayi yara, na ce suna gaishe shi. Jakar tana gefena, ban buɗe ta ba.

Aka kawo mini abinci daga cikin gida, tuwon dawa da man shanu, aka ajiye a gabana. Sai ya kai hannu ya ɗauki sandarsa. Na yunƙura zan kama shi, jikina ya saba. Ya ɗaga mini tafin hannu kaɗan, na koma na zauna. Ya dafa bango, ya miƙe da kansa, ya gyara riga. Ya taka ya wuce ni, ya ƙetare dakalin ƙofa ba tare da ya duba ƙasa ba, ya fita don in samu in ci.

Wannan tafiyar da yake yi da ƙafarsa aka sayar da shanu dominta, ita muka je nema, kuma na yi murna da na gan ta. Na kuma ji kewarsa ta kama ni a wurin, yana tsakar gida ina jin muryarsa yana yi wa wani faɗa a kan igiyar maraƙi. Na jawo kwanon, na yi bisimilla, na ci ni kaɗai.